Fom ɗin Asibitin Ido Ya Ƙi Tafiya

—kuma da ma "an" ya ce. "An yi kuskure, Likita." Shi ke nan. 'Yar kalma mitsitsiya da kowa ke laɓewa a bayanta, daga wanda ya fasa kofi har wanda ya kifar da mota. An fasa. An manta. An samu matsala. Wa zai tsare shi ya ce sai ya faɗi ko wane ne "an"? Amma Yaya bai ce "an" ba. "Ta" ya ce.

Auta tana zaune gaban kwamfutarta a ofishinsu na saman bene, ɗaki ɗaya mai tebur uku. Fankar sama tana juyi tana ƙiƙi-ƙiƙi kamar tsohuwa mai mita. Sai yanzu take lura jakarta na rataye a kafaɗarta tun dawowarsu daga asibitin ido. Tana sauke ta ƙasa.

Aiki dai. Aiki tukuna.

Sana'arsu ke nan ita da yayanta, gina wa mutane shafukan intanet. Shi ne mai baki, shi ke fita ya samo aiki. Ita ce mai zama ta yi. Teburi na uku na mai zane ne, yau ba ta zo ba, ciki ya tsufa. Asibitin idon nan kuwa shi ne babban abin da suka taɓa samu. Mako guda za a yi ana cire wa mutane yanar ido kyauta, kuma duk mai so sai ya yi rajista ta fom ɗin da ke shafin. Ita ta dasa fom ɗin da hannunta a cikin tim, wato fayilolin da ke ba shafi fasalinsa, kansa da jikinsa da ƙasansa. Ta gwada shi a waya, ta gwada a kwamfuta, ta gwada har a tsohuwar wayar Mama mai fasasshen gilashi. Lafiya lau yake tafiya. Yana tafiya... da.

Suna: Gwaji. Shekaru: ta sa abin da ya zo hannu. Wane ido: na dama. Tana danna "Aika".

Shafin yana ƙyaftawa, yana dawowa fari fes, akwatunan duk babu komai. Kamar ya tafi. Wallahi kamar ya tafi, ko ita da ba ta sani ba cewa za ta yi ya tafi. Tana leƙa akwatin saƙon asibiti. Wayam. Abin da ya yaudari mutane ke nan tun ranar Alhamis: su cike, su danna, ya share, su ce alhamdu lillahi, su kama shirin tafiya.

Tsohon nan...

A'a. Ba yanzu ba.

Ɗazu a asibitin, yana zaune a bencin baranda, ya yi aski, ya sa rigarsa mai kyau, maɓallin sama ya shiga ramin da ba nasa ba. 'Yarsa na tsaye kan mai karɓar baƙi tana miƙa mata waya. "Na rantse miki na cike. Na danna, ya share. Tun duhu-duhu muka kamo hanya." Mai karɓar baƙi tana duba kwamfuta tana girgiza kai, babu sunansa, kuma gurbin da ya rage na waɗanda sunansu ya shigo ne. Shi kuwa tsohon ya juya fuska wajen da murya take, ba daidai ba, ɗan gefe kaɗan, ya ce, "To mu koma ke nan, 'yata?" Ba faɗa. Ba komai. Tambaya kawai.

Ta gabansu suka wuce, ita da Yaya, zuwa ofishin Likita.

Tana buɗe ƙaramar tagar da burauza, manhajar buɗe shafi, ke nuna kurakurai. Jan rubutu, layi biyu. Ana kiran wani abu, ba a same shi ba. Fom ɗin yana neman sikirif ɗinsa, ɗan rubutun da ke ɗaukar abin da aka cike ya kai shi inda za shi, sikirif ɗin kuma bai zo ba. Ina ya tafi? Abu ba ya tashi ya tafi da ƙafarsa. Wani ne ya...

Likita mace ce mai sanyin murya, irin waɗanda in ransu ya ɓaci sai su ƙara yin ƙasa da murya. Ba ta zage su ba. Da ma ta zage su. Cewa kawai ta yi, "Ina so in san abin da ya faru, kuma ina so in san ba zai sake faruwa ba." Auta ta buɗe baki za ta ce a ba ta zuwa yamma ta duba, sai Yaya ya ɗora hannunsa kan nata a saman tebur. Da taushi. Yadda yake yi in za su tsallaka titi tana ƙarama.

"Likita, ba zan ɓoye miki ba. Ƙanwata ce ke riƙe da shafin nan. Tun rasuwar maigidanta ba ta dawo daidai ba. Mantuwa take yi. Har likitan ƙwaƙwalwa take gani. Don tausayi na bar ta a kan aikin, kuma laifina ne da na bar ta."

Laifina ne. Ji fa! Har da ɗan kwalliya a kai. Ya shafa mata kashin kaji, sannan ya fito da hankici yana goge nasa hannun a gaban mutane, a ce kai, wannan yaya akwai zumunci.

Kallon da Likita ta yi mata kuwa... Ba fushi ba ne. Fushin ne ma ya gudu daga fuskar, wani abu ya maye gurbinsa. Ta ɗan karkata kai. "Allah ya jiƙansa. Ki riƙa hutawa, kin ji?" Da yaren da ake yi wa majinyaci. Jiya-jiyan nan matar nan take kiranta Injiniya.

Aiki, Auta. Dubi shafin.

Ga ta can a kusurwar ƙasa ta dama, 'yar da'ira shuɗiya tana tsalle-tsalle: "Sannu! Me za mu taimaka maka da shi?" Akwatin hira. Ba ita ta sa shi ba. Ranar Laraba Yaya ya jawo kujera kusa da ita, bakinsa har kunne, yana nuna mata a wayarsa. "Dubi wannan, Auta, irin na manyan kamfanoni. In Likita ta gani sai ta ƙara mana wani aikin." Ta ce, "Yaya, kar ka sa shi a shafin da mutane ke amfani da shi. Bari in gwada a kwafi tukuna, irin waɗannan suna zuwa da nasu kayan, su yi karo da namu." Ya yi dariya ya ce, "To, uwar tsari. Na ji."

Ta faɗa. Ta tabbata ta faɗa.

...Ta faɗa?

Tana buɗe fayil ɗin kan shafi. Ga rubutun akwatin hirar an manna shi ɗanye, ya jawo wata tsohuwar laburare tasa daban, wato tarin rubutun da yake dogara da shi, alhali shafin na da sabuwa. Biyu a gida ɗaya, kowacce na cewa ita ce. To ga ɓarawon. Tana yanke shi gaba ɗaya, ta adana, ta share ma'ajiyar wucin gadi don kar shafin ya ci gaba da nuna tsohon abu, ta sake buɗewa. Da'irar ta ɓace.

Gwaji. Na dama. Aika.

Ƙyaftawa. Fari fes. Jan rubutun na nan daram.

To ba shi ba ne. Ko ba shi kaɗai ba. In ba akwatin Yaya ba ne, to...

Butar shayi da ta bari kan wuta har gindinta ya yi baƙi. Makullin gida da ta tsinta cikin firiji kusa da madara. Ranar da ta tsaya a tsakiyar kanti da kwando a hannu ta kasa tuna abin da ya kawo ta. Kofi biyu da take fitarwa da safe har yanzu, ta zuba wa ɗaya, ta tsaya kallon ɗayan. Ranar da malamar 'yarta ta kira, an tashi tuntuni, yarinya na zaune bakin ƙofa ita kaɗai da jakarta a cinya... Wannan ranar ce ta sa ta nemi likita. Duk gaskiya ne. Abin da ya fi ci mata rai ke nan, Yaya bai ƙara ko wasali ba. Da ƙarya ya yi da ta miƙe ta ce ƙarya ne. Gaskiyarta ya ɗauka, wadda ta ba shi ajiya, ya kai kasuwa.

Tun can baya, a cikin mota ta faɗa masa, an kashe inji, ruwan sama na bugun gilashi. Ta ce, "Yaya, ina jin kaina ba daidai yake ba." Ya kifa goshi kan sitiyari. Ya yi kuka, wallahi ya yi, ta ga kafaɗunsa. Ya ɗago ya ce, "Ba mai ji, Auta. Ko Mama. Ko matata. Duk Alhamis da yamma ki tafi abinki, ni zan riƙe ofis. In an tambaya in ce kin je wajen kwastoma."

Ba mai ji.

Filogin-filogin. A bi su ɗaya bayan ɗaya, haka ake yi, ba a tsalle. Ƙananan manhajojin da aka liƙa wa shafin ne, kowanne da aikinsa, kuma kowanne na iya zama mai laifi. Ta kashe na hotuna. Gwaji, aika, babu. Ta kunna. Ta kashe na tsaro. Babu. Na saurin buɗewa, wanda ke dunƙule sikirif-sikirif wuri ɗaya, shi ta fi zargi, ya taɓa yi mata haka a shafin mai sayar da taya. Babu. Hannunta na yi, kanta na wani wuri. A ƙasa mai gyaran babur yana ta murza wani inji da ya ƙi tashi, ya murza ya mutu, ya murza ya mutu. Wata mota na ta hon. Rana ta karkato ta labule ta kwanta kan teburin Yaya, kan hoton 'ya'yansa uku da kofinsa da bai wanke ba.

Ɗazu Yaya ya sauke ta a ƙofa ya ce yana da inda za shi. Duk tsawon hanya idonsa na kan titi. Rediyo ya kunna. Ya tsaya a danja ya saya mata ruwan sanyi ya miƙo ba tare da ya dube ta ba, ita kuma, ita kuma ta karɓa! Har da "na gode". Da za ta fita ya ce, "Ki duba shi kafin a tashi aiki, yau ake rufe rajista." Kamar ba abin da ya faru. Kamar daga ɗaurin kwangila suke.

Da kana nan...

A'a, kar ta fara. In ta fara magana da maigidanta ba ta gamawa.

Da kana nan da ka ce me? Da ka cire tabarau tukuna ka goge da gefen riga. Kai da kake tsokanarta, "Ku masu yanar gizo yau kun koma cire yanar ido, sai a hankali." Kai ne ka taɓa cewa, "Yayanki mutumin kirki ne, amma bai iya faɗuwa shi kaɗai ba." Ta yi fushi ranar, har ta ƙi yi maka magana. Yayanta? Yayanta da ya bar karatu ana saura kaɗan ya gama, shekarar da Baba ya rasu, ya shiga shagon buga takardu don ita ta ci gaba? Me ka gani da ba ta gani ba? Me ya sa ba ka ƙarasa faɗa mata ba, ka tashi ka tafi ka bar ta da...

Tim. Saura tim. Tana sauya shafin zuwa fasalin da ya zo da shi tun asali, mummuna, ba launi ba hoto, ta jefa fom ɗin a wani shafin gwaji. Aika.

Kore. "An karɓi rajistarka."

To. Fom lafiyarsa ƙalau. Filogin lafiyarsu ƙalau. Ciwon na cikin tim, cikin fayilolin da ta rubuta da hannunta. Nata. Tana mayar da shi yadda yake. In ta buɗe ta tarar ita ce fa? In wata yamma ta shiga ta taɓa wani abu ta fita, ya goge daga kanta kamar makullin firiji? In tsohon nan ita ta mayar da shi gida da duhunsa?

Dubi abin da ya yi mata. Ba a gaban Likita kaɗai ba. A nan, cikin ɗakin nan, ba kowa, ita da kanta take bin sawun kanta kamar ɓarauniya.

Fayil ɗin shafin rajista. Layin da ke kiran fom yana nan inda ta sa shi, tsaf. Fayil ɗin ayyuka. Ba abin da ya motsa. Tana karantawa tana ganin hannunta, yadda take tura layi ciki, yadda take barin sarari kafin ta rufe baka... hannunta ne, kuma hannun Yaya ne. Ai shi ya koya mata. Tsohuwar kwamfutar da murfinta ya karye, sai an jingina shi da gwangwanin madara. Ta dawo daga makaranta ta tarar da shi a shago, ya matsa mata a benci. "Duk abin da kika buɗe, ki rufe shi, Auta. In kin manta ɗaya, duk shafin zai karkace." Ranar da ta fara sa sunanta ya fito ja a allo, ya ɗaga ta sama yana juyi da ita har kanta ya bugi fanka, Allah ya sa ba wuta. Mai shagon ya ce su fita su yi haukansu a waje.

Daga baya ta wuce shi. Ba ta taɓa faɗa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Sai dai ya daina zama gefenta in tana aiki. In ya tambayi abu ta bayyana, sai ya ce, "Eh, na sani, gwada ki nake." Su yi dariya. Dariya ce? Ita dai ta ɗauka dariya ce.

Fayil ɗin ƙasan shafi.

Ga shi.

Layi ɗaya ne, gajere, dab da ƙarshe. Shi ke buɗe wa duk sikirif ɗin shafin ƙofa su shigo, har da na fom. An kashe shi. Ba a goge ba, an sa masa alamar da ke sa kwamfuta ta tsallake layi, an rubuta a gefe: "tukuna..." da ɗigo uku.

Tana gane abin da ya faru kamar tana tsaye a wurin. An manna akwatin hira, ya yi karo da kayan shafin, ya ƙi fitowa. Aka yi ta lalube, a kashe wannan a kunna wancan, har aka kashe layin nan, da'ira ta fito tana tsalle. Aka ji daɗi. Aka rufe kwamfuta. Ba a gwada fom ba.

Amma "tukuna" da ɗigo uku... haka take rubutawa. Haka yake rubutawa. Kuma da asusu ɗaya suke shiga, kalmar sirri ɗaya, ranar haihuwar Mama, don me za su raba? Wa zai raba asusu da yayansa?

Tana kai kibiya kan sunan fayil ɗin. Ranar da aka taɓa shi na ƙarshe.

Alhamis. Da yamma.

Tana cire hannu daga kan linzamin kwamfutar.

Alhamis da yamma tana zaune a kujera mai laushi a wani ɗaki mai labule ruwan ƙasa, akwatin tishu a gabanta, tana gaya wa wani mutum mai furfura yadda har yanzu ba ta iya kwana a ɓangaren gadon da maigidanta yake kwana. Wayarta a kashe cikin jaka. Ba ita ba ce. Ba ita ba ce! Numfashin da ta riƙe tun safe yana fita, har da wani sauti da ba ta san nata ba ne. Kanta ƙalau. A wannan dai, kanta ƙalau.

Daɗin bai kai ko'ina ba ya tsaya.

To Yaya ya sani. Ba zato ya yi ba, ba ruɗewa ya yi ba. Tun da Likita ta kira da safe ta ce tun Alhamis ba sunan da ya shigo, ya san me ya taɓa ranar Alhamis. Shi ya sa ya yi ta share zufa a mota alhali na'urar sanyi na aiki. Shi ya sa ya riga ta magana. Ƙafarsa na ta karkarwa a ƙarƙashin teburin Likita, ta ji tana taɓa tata, har ta ji tausayinsa, ta ce a ranta bari in yi magana in sauƙaƙa masa... Ashe lissafi yake. Ashe duba ɗakin yake ya ga me zai jefa, ya ga ba abin da ya fi ta kusa da hannu.

Kuma in ta ce ba ita ba ce, sai a ce ina take ranar? Wajen kwastoma? Wane kwastoma? Sai ta buɗe baki da kanta ta ce, ina wajen likitan ƙwaƙwalwa. Hujjarta ita ce maganarsa. Ta ko'ina ta bi, nan za ta ɓullo. Ya yi tunanin wannan ma? Ko haka kawai ta faɗo masa? Wanne ya fi muni... ba ta sani ba. Wallahi ba ta sani ba.

Tana ɗaukar hoton allon, layin da kwanan watan duka. Yana sauka a kan fuskar kwamfuta, ɗan ƙaramin abu. Lambar Likita na wayarta. Dannawa biyu.

Sai me? Likita ta karanta, ta gane wanda ya zauna gabanta ya yi mata rantsuwa da idanu. Aikin ya tafi, kuma irin wannan labari ba ya zama wuri ɗaya. Ofis ya rufe. Mai zane da cikinta. Yaran nan uku da ke cikin hoto, babbar da ke cewa in ta girma irin aikin Anti za ta yi. Mama kuma... Mama za ta zaunar da ita a bakin gado, ta kama hannunta. "Yayanki ne fa, Auta. Shi ya riƙe ki. Ko me ya yi, a cikin gida ake gyarawa." Sannan ta tsaya. "Wane likita kuma? Me ya same ki da ba ki gaya mini ba?" Hawan jininta ya tashi. Ya zama ita ce ta tayar.

In kuma ta yi shiru, ta zama ke nan. Matar da ba ta dawo daidai ba. Mai karɓar baƙi ta ji, ƙofar ba a rufe take ba. Gobe ma'aikatan jinya sun ji. Duk ranar da ta shiga asibitin za a yi ƙasa da murya, a jawo mata kujera, a tambaye ta ko ta ci abinci.

Tana goge alamar da ke gaban layin. Tana goge "tukuna" da ɗigoginsa. Adana. Share ma'ajiya. Sake buɗewa. Tagar kurakurai fara tas, ba ja ko ɗaya.

Gwaji. Na dama. Aika.

'Yar da'ira na juyawa... Kore. Akwatin saƙon asibiti yana yin ƙara, ƙil. Ta gwada a waya. Kore. Ƙil.

Abin da ya ci mutane kwana da kwanaki, gogewar alama biyu. Ta so ta ji wani abu. Ba ta jin komai, sai ciwon wuya.

Saƙonnin baya kuwa sun tafi. Tana duba rumbun bayanai ko da wani ya maƙale a hanya, ta san babu, tana dubawa dai. Ba su taɓa barin wayoyin masu su ba. Mutum nawa? Ba wanda zai taɓa sani. Tana rubuta sanarwa a saman shafin da manyan haruffa, duk wanda ya cike fom daga Alhamis don Allah ya sake cikewa kafin yamma. Wa zai gani? Wanda ya tabbata ya gama, me zai dawo da shi? Masu abin ma ba gani suke ba, 'ya'yansu ne suka cike musu, sun koma harkokinsu. Ko mai karɓar baƙi ta karɓi lambar 'yar tsohon nan? Ba ta tambaya ba. Ta fito daga ofishin Likita kanta a ƙasa, ko bencin ba ta kalla ba. Za ta kira ta tambaya. Za ta roƙi Likita a ƙara kwana ɗaya. Da wace murya? Wa zai saurari...

Za ta kira dai. Bari ta ɗan... bari wuyan ya sake ta.

Ƙil. Wannan ba gwaji ba ne. Sunan wata mata, idon hagu. Ƙil. Wani kuma. Yana aiki.

Yaya ya san za ta gyara. Abin ke nan. Bai tsaya ya ga ko za ta hau benen ba, bai kira ya ji ko tana nan ba. Ya sauke ta ya ja mota hankali kwance, kamar wanda ya ajiye kaya inda ya saba ajiyewa. Mutumin da ya ce wa duniya kanta ba daidai ba, shi ne ya bar mata shafin ita kaɗai ya tafi, don ya fi kowa sanin kan nata. Da mai zane ya ɗora wa, da ta ɗauki jakarta ta yi gaba. Da wani bare ne, da an yi ta ta ƙare a gaban Likita. Ya duba duk mutanen da yake da su a duniya, ya zaɓi wadda ko ya taka ta, gobe da safe za ta zo ta buɗe ofis ta ce, Yaya ina kwana.

Ƙarar rufe ƙofar mota a ƙasa. Muryarsa yana gaisa da mai gyaran babur, har da wasa, dariyar ta ɗan yi tsawo. Takunsa a matakala. Yau a hankali yake hawowa, yana tsayawa, kamar mai ɗauke da buhu. Ya tsaya a tsakiya. Ya ci gaba.

Hoton na nan buɗe a allo, layin da ranar, ɓaro-ɓaro, daidai inda idonsa zai sauka in ya shigo. Ta bar shi. Ba sai ta ce komai ba. Ta zauna kawai ta bar shi ya gani, ta ga yadda fuskarsa za ta...

Hannun ƙofa na juyawa.

Allon ya koma shafin asibiti, kore, tsaf. Ba ta san lokacin da yatsanta ya rufe hoton ba. Tana kallon yatsan. Wa ya aike shi? Kunyar wa yake ji?

"Auta... ya tashi?"

Bai shigo ba. Yana bakin ƙofa, makullin mota a hannu, idonsa na kan fanka, kan labule, kan komai ban da ita.

Bakinta ya riga ya buɗe. Tana jiran ta ji abin da zai fito.